Hoton da ya iso rabi

Da hannuna na haɗa na'urar. Wata tsohuwar kwamfuta ce da ta daɗe tana shan ƙura, na sa mata faifan ajiya biyu masu terabait 4 kowanne, na ɗora TrueNAS, manhajar da ke mayar da kwamfuta ma'ajiyar fayiloli, na mayar da faifan biyu madubin juna: duk abin da aka rubuta a ɗaya yana kan ɗayan. Burina in tara kayan shekara da shekaru da suka warwatsu a tsofaffin faifai uku, su koma wuri guda da kowa a gidan zai iya shiga.

Lissafin farko bai fita ba. Kebul mai gigabit 1 yana ɗaukar kusan megabait 110 a daƙiƙa, sai na ce kwafe kayan nawa, terabait 3, ba zai wuce awa 8 ba. Kwana biyu ya ci. Manyan bidiyo suna wucewa fiu, amma dubban ƙananan fayiloli sai jan ciki, don kowanne sai an buɗe shi, an rubuta, an rufe. Wannan haƙuri kawai yake so.

Abin da ya girgiza ni daban ne. Na dogara ƙwarai da ZFS, tsarin adana fayiloli da TrueNAS ke amfani da shi, wanda kamfanin Sun ya fitar a 2005, saboda yana ba kowane gutsuren bayani hatiminsa, idan ya lalace a faifai ɗaya ya gyara daga ɗayan. Bayan kwafin na sake gudanar da rsync, manhajar da na yi kwafin da ita, na sa ta gwada ainihin cikin fayilolin, ba girma da kwanan wata kaɗai ba. Komai ya yi daidai. Har na ɗauko tsofaffin faifan zan goge.

Daren nan na buɗe hotunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ɗaya ya buɗe daga sama: ɗankwali, goshi, idanu, daga nan zuwa ƙasa toka-toka, babu komai. Na bi foldar, na sami irinsa da dama. Tun a tsohon faifan suka lalace shiru, ban sani ba. Rsync ta kwafo ɓarnar yadda take, ZFS kuma ta buga mata hatimi tana gadinta tsakani da Allah. Babu wadda ta yi laifi a cikinsu. Ni ne na tambayi na'ura ko kwafin ya yi daidai da asali, ban taɓa tambayar ko asalin lafiyarsa ƙalau ba.

Cikakken hoton yana kan faifai na uku, wanda na fi rainawa, wanda da shi zan fara gogewa. Na daɗe ina kallon fuskarta kafin na iya ci gaba.

Tsofaffin faifan suna cikin durowa har yau. Na ƙara faifai guda da nake ajiyewa a wani gida, tunda madubi ba ya hana gobara, ba ya dawo da abin da na goge da kaina. Duk wata kuma, bayan na'urar ta gama binciken faifanta, nakan buɗe 'yan hotuna in gani da idona.