Yadda na sauya wa Land Rover ɗin mahaifina aksul na baya

Karo na uku da sandar aksul, wadda ke juya tayar baya, ta karye mini, ina kan hawa ne tsakanin Nguroje da Gembu, da buhunan masara a baya, ƙasa ta sha ruwa ta zama kamar sabulu. Tayar dama ta yi ta juyawa a taɓo, na ƙara mata wuta, sai ta cafki dutse. Na ji "ƙas!" daga ƙarƙashi, inji na ihu, mota ta tsaya cik. Na kwance notoci shida na bakin tayar, na zaro sandar, ta fito guntuwa, bakinta a murɗe kamar an karya rake. Da na danna ƙullin nan ruwan ɗorawa mai sa mota ta ja da ƙafa huɗu, tayoyin gaba suka ja mu a hankali har gida. A daren na yanke shawarar ba zan ƙara sayen sanda irin wannan ba.

Motar Land Rover 109 ce, Series IIA, ƙirar 1968, mai injin fetur lita 2.25. Mahaifina ya yi shekaru yana hawan tsaunin Mambila da ita, shi ya sa ban taɓa tunanin rabuwa da ita ba. Aksul ɗin da ta zo da shi na Rover ne, wanda bakin sandunansa haƙora 10 ne kacal. Kusan kullum gajerar sandar ce ke tafiya, domin ba ta da tsawon da za ta ɗan murɗa ta shanye fizga. Ɓarin da ya karye kuwa yana maƙalewa can ciki, sai an sauke kan aksul gaba ɗaya kafin a fito da shi, a kuma wanke garin ƙarfen da ya gauraye da mai.

Tsohon bakaniken da ya yi wa mahaifina aiki ya ce mini, "Ɗana, ka nemo Salisbury ka huta." Shi ne aksul ɗin da kamfanin ya mayar na dindindin a bayan doguwar 109 da Series III ta fito a 1971. Sandunansa sun fi kauri, haƙoransu 24, ƙananan giyoyin cikinsa huɗu ne maimakon biyu. Tsarinsa ɗan uwan Dana 60 ne na Amurka.

Nemansa ya ci mini wata biyu. A ƙarshe na sami guda biyu wajen masu tsofaffin kayan mota a Ƙofar Ruwa, a Kano, raina kuma ya kwanta da wanda ya fi tsafta. Allah ya sa na kira Baba, tsohon bakaniken nan, kafin in biya. Ya ce in sa a riƙe ɓangare ɗaya kada ya motsa, in yi alama da alli a bakin da farfela (sandar da ke kawo juyi daga giyabos) ke kamawa, in juya ɗaya ɓangaren sau biyu cif, in ƙirga. Mai tsaftar ya zaga sau uku da rabi. Wato lissafin giyarsa 3.54 ne, irin na mai injin V8. Ɗayan, mai tsatsa da busasshen taɓo, ya zaga sau huɗu da kusan kashi uku cikin huɗu: 4.7, daidai da aksul na gaban motata. Wannan ƙirga ta minti biyar ita ce mafi muhimmanci a duk aikin. Series irin tawa ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, saboda haka da na ɗaura 3.54, ranar da na sa ta ja da ƙafa huɗu tayoyin gaba da na baya za su yi ta jayayya har giya ta tarwatse.

Ɗaurawar kanta kwana uku ta ɗauka. Mutum huɗu muka ciccibe shi, don nauyinsa ba wasa ba. Mazaunin sifirin ya zauna daidai, amma bututun ya fi kauri, sai da muka samo sababbin ƙarafan da ke ɗaure shi da sifirin da farantansu. Hancinsa ya fi tsawo, tsohuwar farfela ta ƙi shiga. Wani ya ce a yanke ta a yi walda, na ƙi, na jira har aka kawo ta Series III, domin farfelar da ba a daidaita ba takan girgiza mota ta cinye boris. Mun sauya osil, da takalman birki, da bututun man birki, muka zuba mai lamba 90. Notocin tayarsa ma sun fi na gaba girma, yanzu sifana biyu nake yawo da su.

Akwai abin da na yi sakaci da shi. Ƙaramar hudar numfashi da ke saman bututun ta toshe da ƙasa, ban duba ba. Bayan sati biyu iska ta taru ciki in ya yi zafi, ta turo mai ta sabon osil, ya jiƙe takalmin birki na hagu. Sai da na sake sayen duka biyun, saboda abin da waya da kananzir za su gyara.

Damina biyu ke nan sanda ba ta karye ba. Amma tulun Salisbury ya fi sauka ƙasa, a hanyar da manyan motoci suka haƙa yakan daki tudun tsakiya inda tsohon ke wucewa lafiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar Baba ranar da muka sauke ta daga jak. Ya dafa giyabos ya ce, "Da, sanda ce ke mutuwa don wannan ya rayu. Yanzu in ka yi ganganci, shi zai biya." Sanda kuɗinta kaɗan ne, a bakin hanya ma ana sauya ta, giyabos kuwa sai an cire kujeru da daɓen mota.

Tun ranar na rage buhu biyu daga lodin da na saba. In na tunkari hawan nan na Nguroje, tun daga ƙasa nake jan jar sandar giya baya don ta shiga giyar ƙarfi, in sa lamba biyu, in bar ta ta hau da kanta. Idan taya ta fara zamewa sai in ɗaga ƙafa, in sauka in jera mata duwatsu.