Turarena ya sha gilisirin, sai a karo na huɗu

Ƴan uwa, yau da safe na lanƙwasa ganyen bishiyar turare, wanda na shayar da gilisirin don ya daɗe da laushinsa, tsakanin yatsuna, bai karye ba. Ya tanƙwaru kamar jemammiyar fata, na sake shi ya miƙe. Ni kaɗai a ɗaki ina ta dariya, har Inna ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Ita har gobe ba ta ga abin da zai sa mai hankali ya zuba ganyen sirace a kwalba ya kai falo ba.

Ba mai zagayayyen ganye mai ruwan toka da kuke gani a hotunan biki nake nufi ba. Wancan irin turaren, cinerea a sunan kimiyya, sau ɗaya na saye shi wajen mai kawo furanni daga waje, ƴan rassa kaɗan jika takwas, kuma na yi ta shafa shi har farar hodar da ke kansa ta goge, ya zama duk shatin yatsu. Na yi rantsuwa ba zan ƙara ba. Namu na nan Yamai shi ne camaldulensis, mai dogon ganye kamar lauje. Duk dangi ɗaya ne, asalinsu Ostireliya, kuma wani dattijo mai lambu a bakin kogi wajen Yantala yana yanko mini dami guda da kuɗin goro.

Da farko tsarina shi ne in koyi jerawa a ruwa, sannan busarwa, sannan gilisirin. Ina! Hunturu ya shigo ya dama komai. Wanda na jera a ruwa yana bushewa da kansa, wanda nake so ya yi laushi yana zama ƙaro.

Karon farko na gwajin gilisirin, na zaɓi rassa masu jan tofo don sun fi kyau a ido. Kafin la'asar duk sun sunkuyar da kai. Na biyu na haɗa da ruwan sanyi, gilisirin ya kwanta a gindin kwalba kamar zuma. Waɗannan laifina ne, na yarda.

Na uku shi ya ƙona mini rai, don komai na yi daidai. Ƙosassun rassa, awo ɗaya na gilisirin, biyu na ruwan zafi, na gauraya sosai, na yanke gindi a karkace, na tsige ganyen ƙasa. Kwana huɗu, na taɓa ganyen sama, ƙarar! Ruwan kwalba kuwa ko yatsa guda bai ragu ba. Na kwana ina juya abin. Ashe ganye ne ke jawo ruwan zuwa sama yayin da yake fitar da nasa. Gilisirin yana da kauri, tafiyar hawainiya yake yi cikin kara. Ni kuma na ajiye kwalbar kusa da taga, iskar hunturu tana kaɗawa dare da rana, fanka a sama. Ganyen ya bushe tun maganin bai kai rabin hanya ba, kuma busasshen ganye ba ya shan komai. Kwalaben gilisirin da na kwaso a farmasi zuwa lokacin sun ci jika shida. Ban gaya wa maigida ba.

A na huɗu na je lambun bayan sallar asuba da bokiti da ruwa. Na ce, Baba, gajeru nake so, kada su wuce kamu biyu, kuma ban da tofo. Yana yanka ina tsomawa. A gida na sake yanke gindin cikin ruwa, na ɗan tsaga shi, na bar su suka kwana suna shan ruwa zalla har suka ƙoshi. Washegari suka shiga haɗin da ɗuminsa. Na kai su ɗakin ajiya, na rufe taga, na kife musu babbar leda sako-sako, na shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa. Kullum sai na duba, in ya ragu in ƙara. Ranar da na ga ruwan ya sauka da yatsu biyu, har guɗa na yi.

Kwana goma sha biyu suka ɗauka. Launin ya yi duhu, kore mai ratsin ƙasa-ƙasa, ƙamshin ma ya ragu, wannan kam ban ji daɗinsa ba. Na rataye su kai ƙasa kwana uku don maganin ya gangara har bakin ganye.

Yanzu suna cikin tulun da na sayo a kasuwar Laraba ta Bubon. Tulun yana tsatsafo, amma tunda waɗannan ba sa son ruwa, sun dace. Na ɗora shi saman kabad saboda kyanwa da autana, man turare ba abin taunawa ba ne.

Sai dai reshe ɗaya ya fara zufa, ɗigo-ɗigo mai danƙo a bayan ganye. Na goge da tsumma ya dawo. In a hunturu yana haka, ya za a yi ke nan cikin Agusta? Wadda nata ganyen ya taɓa tsallake damina ta faɗa mini inda ta ajiye.