Ashe ba maganar mota ba ce

Wani abokina da ke Jos ya turo mini saƙo da Turanci yana yabon batirin sola da ya saya, wai fanka biyu yake ja har asuba. A ƙarshe ya rubuta "your mileage may vary". Na yi ta juya maganar, ina mota ta shigo zancen batiri?

Kawuna da ya daɗe yana koyar da Turanci a nan Sakkwato ne ya warware mini. Ya ce daga tallan motoci a Amurka ta fito, tun shekarun 1970. Kamfani zai faɗi mil nawa mota ke ci da galan ɗaya bisa gwajin hukuma, sai ya ƙara wannan jimla don kada ka kama shi in taka ta sha mai fiye da haka. Yau ma'anarta kawai: ni haka na gani, kai naka na iya bambanta. Wasu ma YMMV suke rubutawa a taƙaice.

Da zumuɗi washegari na liƙa ta a ƙarshen wata wasiƙar ofis, bayan na faɗi ranar taro. Kawu ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ranar taro ba ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Bayan shawara ko abin da ka gwada ake sa ta, kuma ba a takardar ofis ba."

Batirin kuwa na saya. Zafin Afrilu na unguwar Mabera a nan Sakkwato ba sanyin Jos ba ne, ƙarfe biyu na dare fankar ke tsayawa.