Wasiƙa daga Landan: jirgin da ba a tambayar lokacinsa

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina gaishe ku da kyau, da fatan kowa na lafiya, ya iyali, ya hidimomi. Mu nan sai godiya.

Da yawa daga cikinku in aka ce wane yana Landan, sai ku ɗauka ƙofar gidansa na kallon fadar Buckingham. Ina! Galibinmu a gefen gari muke kwana, cikin gari wurin aiki ne kawai. Ni ina kudu maso gabashin birnin, kuma abin da ya haɗa ni da neman abincina tashar jirgin ƙasa ce guda, Abbey Wood. Labarinta nake so in ba ku yau.

Tsohuwa ce sosai. Kamfanin South Eastern Railway ne ya buɗe ta a 1849, wato shekara sittin da 'yan kai kafin dogo ya isa Kano. A lokacin wurin ƙauye ne, fadama ta bakin kogin Thames a arewa, tudu da daji a kudu. A gindin tudun nan akwai kangon wani gidan ibada na Kirista, Lesnes Abbey, wanda aka gina a 1178, har yau ana zuwa shan iska a cikinsa. Jiragen gawayi ne suka fara bin hanyar, sai a 1926 aka sa wa dogon lantarki.

A ƙarshen shekarun 1960 hukumar birnin Landan ta fara gina sabon gari a kan fadamar nan, Thamesmead, inda yanzu 'yan Afirka ta Yamma suka yi yawa, musamman 'yan Najeriya da Ghana. An zuba gidaje, an zuba mutane, amma tasha ko ɗaya ba a yi musu ba. An taɓa tsara kai musu jirgin ƙarƙashin ƙasa, maganar ta bi ruwa. Don haka har gobe mutumin Thamesmead sai ya hau bas ya zo Abbey Wood ko Woolwich kafin ya ga jirgi.

Abin da ya juya rayuwar unguwar shi ne aikin Crossrail, sabon layin dogo da ya ratsa ƙarƙashin tsakiyar Landan, wanda aka fara a 2009. An ce za a buɗe a Disambar 2018, ba a buɗe ba sai ranar 24 ga Mayu, 2022, kuɗin kuma ya doshi fam biliyan 19. To kun ji, ba a gida kaɗai kwangila ke jan ƙafa ba. Sabon ginin tashar tun 2017 aka gama shi, ya yi shekaru yana jiran jirginsa. An ɗora shi ne a saman dogon, ƙofarsa na fita kan gadar sama ta Harrow Manorway, rufin kuwa na katako ne mai lanƙwasa, kamar an kife ƙaton akushi. Akwai lif, saboda haka mai keken guragu da mai tura jariri ba sa neman a ɗauke su.

Amma ni ba ginin ne ya fi burge ni ba. Kyan gini ba ya kai mutum wurin aiki. Layin Elizabeth, kamar yadda aka raɗa wa layin na Crossrail suna, a nan yake ƙarewa, kuma da safe da yamma kusan kowane minti biyar jirgi na tashi. Ba mai duba jadawali. Ka rasa wannan, kafin ka gama tsaki wani ya shirya. Canary Wharf, inda manyan bankuna suke, minti goma sha ɗaya ne ko kusa da haka. A da sai ka hau jirgin Southeastern, ka sauka a hanya, ka canja zuwa DLR, wani ƙaramin jirgin ƙasa na gabashin Landan. Tashar Paddington kuwa, a yammacin tsakiyar gari, yanzu kusan rabin awa ce. Tsofaffin jiragen ma suna nan, na Southeastern zuwa Cannon Street, na Thameslink har Luton.

Ku zo ku ga tashar da ƙarfe shida na safe a lokacin hunturu, gari bai waye ba. Magina da rigunansu masu ɗaukar ido, 'yan mata da kofin gahawa, matan da suka kwana jinyar tsofaffi suna hawowa yayin da mu muke gangarawa, ido ya yi ja. Ba ka jin komai sai ƙarar ƙofar shiga: ka ɗora katin banki ko wayarka a kan rawayen faifai, ta yi 'yar ƙara, ta buɗe. Ba kwandasta, ba canji, ba "matsa mu zauna". Da yake nan ne farkon layi, kujera ba ta yi wa kowa wuya. Mutanen Woolwich, tasha ta gaba, su ne ke fara tsayuwa. Tarago tara ne a haɗe, kana iya ratsawa daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Tun da aka ji ƙishin-ƙishin jirgin na zuwa masu gidaje suka fara ƙara haya, dogayen benaye suka tsiro a bakin tashar. Na san iyalan da suka sha shekaru suna haƙuri da tsohon jirgi, da sabon ya iso sai ga su sun kwashe kaya sun yi gabas, Dartford ko Gravesend, inda haya ke da dama-dama. Wanda ya jira jirgin daban, wanda ke morarsa daban. Wannan yana ci mini rai, kuma ban ga hukuma ta yi masa wani tanadin kirki ba.

Ga masu niyyar zuwa: in kun sauka a filin jirgin sama na Heathrow kada ku yarda a yanke ku da kuɗin tasi. Ku nemi alamar layin Elizabeth mai launin shunayya, ku duba wanda aka rubuta Abbey Wood a goshinsa, kimanin awa ɗaya ce, ba canji. In kuma Juma'a ce, ku sauka a Whitechapel, babban masallacin gabashin Landan ba nisa daga tashar.

A gaida mutanen gida, a sa mu a addu'a.

Naku,
ɗan'uwanku a Abbey Wood