Abin da na gani a ƙarƙashin dutsen tankina

Sati uku da zuba duwatsun teku a tankin kifina na ruwan gishiri, sai ga wata ƙura ruwan ƙasa ta lulluɓe komai, kamar an bar taga a buɗe lokacin hunturu. Hankalina ya tashi. Ashe dayatom ne, ƙananan halittu masu cin sinadarin silika da ke cikin sabon yashi. Da abincinsu ya ƙare, suka ɓace.

Yanzu da yatsa nake gane duk tabon da ya fito a jikin dutse. In tabon ruwan hoda ne ko shunayya, na kankare da farce ya ƙi fita, gansakukar koralin ce. Ita ake nema, jikinta alli ne, shi ya sa nake riƙe kalsiyam, sinadarin da ke cikin alli, a wajen 420 ppm a ma'aunin ruwan tankin. In kuwa jan shimfiɗa ne mai yauƙi kamar miyar karkashi, yana ɗagowa faifai guda da 'yan kumfa a jikinsa, wannan ba gansakuka ba ce ma, bakteriya ce. Inda ruwa bai gudu take kwanciya.

Soson teku, wata halittar ruwa mai manne wa dutse, shi ne ya ba ni dariya. Da dare na haska tocila ƙarƙashin dutse, na ga 'yan fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa, kowanne da gashi a baki, ni har na ɗauko buroshi! Soson abarba ne, ruwa kawai yake tacewa, kuma inuwa yake so.

Wani soson rawaya mai huji-huji kam na yi asararsa. Na ciro dutsensa don in ɗauki hoto, iska ta shige ramukansa, cikin 'yan kwanaki ya yi fari ya ruɓe.