Abin da aikin dam ya koya mini kafin in ajiye shi

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ɗakin gwaji. Ku da muka yi aikin dam ɗin nan tare kun san abin da ya fi tsaya mini a rai, wato maganar awon oksijin ɗin ruwan dam da asuba.

Da rana gansakuka oksijin take saki cikin ruwa, da dare kuma ita da ƙwayoyin da ke ruɓar da matacciyarta su zuƙe shi. In ka auna da azahar, na'ura za ta ce maka lafiya lau. Ka dawo kafin hudowar rana sai ka tarar ya faɗi ƙasa da miligiram 2 a lita, karfasa ta taso sama tana haki. Na rubuta wannan, na roƙi a riƙa ba mu mota da asuba. Oga ya ce mota ba ta fita sai ƙarfe 8, wai ruwa ai ruwa ne ko yaushe aka ɗiba. Rahoton ya shige aljihun tebur.

Da zafin bazara ya tsananta, ruwa ya ja baya ya koma kore shar, aka wayi gari bakin dam fari fat da mataccen kifi, ga wari har cikin gari. Kafin azahar oga ya yanke hukunci: masunta ne suka zuba guba. Sarkin ruwa, dattijo mai furfura, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, in guba ce, me ya hana ta taɓa tarwaɗa?" Gaskiyarsa. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama, shi ya sa ta tsira. Na faɗi haka a taro, aka ce ina kare masu laifi, aka hana su kamun kifi, ni kuma aka mayar da ni shigar da alƙaluma a kwamfuta. Har yau ba wanda ya je ya ba mutanen nan haƙuri.

Abin da ke ciyar da gansakukar kuwa ba ɓoyayye ba ne: takin yuriya da NPK da ke wankowa daga lambunan noman rani, ruwan kwata, da jini da kayan tumbi daga mayanka. Wanda ya san yadda kogin Jakara ke kwasar dattin birnin Kano ya kai dam ɗin Wasai ya san labarin. Amma toshe kwata ba ya yin kyau a hoto, ɗaukar leburori su yi ta kwasar kainuwa gaban kyamara kuwa yana yi. Bayan 'yan makonni ta dawo, a sake fitar da kuɗi.

Sauran a taƙaice. Fosfaras, sinadarin taki da ke ciyar da gansakuka, yana kwanciya cikin laka shekara da shekaru, kada ku yi wa kowa alkawarin ruwa zai washe bana. Kada ku yarda a kashe gansakuka da magani lokaci ɗaya, ruɓarta ce za ta ƙarasa kifin. A bar ciyawa tsakanin lambu da gaɓa. A Toledo ta Amurka, a Agustan 2014, gubar irin wannan koren daga tafkin Erie ta hana mutane kusan 400,000 shan ruwan famfo, saboda haka a hana makiyaya shayar da dabbobi inda ya yi kauri.

Littafin awon asubar da na riƙa yi da babur ɗina da man aljihuna yana kan kanta ta biyu. Wanda ya gaje ni ya ɓoye kwafi a gida kafin ya nuna wa oga.