Sai ka gaya wa injin, sannan ya sani

Laraba da dare. Tun safe nake kan manhajar laburaren nan, kuma doka ɗaya tak ta cinye min yini. Dokar ba ta da wuya: idan littafin aro ya wuce kwana 14 a hannun mutum, a tura masa tunatarwa. Da Drools nake aiki, injin dokoki na harshen Java.

Na ƙirƙiri abin da ke wakiltar aron, na jefa shi cikin ma'ajiyar aikin injin da insert, na kira fireAllRules, umarnin da ke sa injin ya gudanar da dokoki. Lafiya lau. Sai na koma cikin manhaja na mayar da kwanakin daga 10 zuwa 20, na sake kiran injin. Shiru. Na duba abin, 20 ɗin tana nan zaune, amma doka ko motsi ba ta yi ba.

Abin da ya ruɗe ni shi ne, injin ba kwafi yake ɗauka ba. Abin nan nawa shi yake riƙe da shi, don haka na ɗauka duk canjin da na yi zai gani. Ashe ba haka ba ne. Lokacin da abu ya shiga, injin yana auna shi da sharuɗɗan dokoki, ya adana sakamakon, don kada ya riƙa maimaita lissafi kullum. Wannan dabara ta samo asali daga Rete, wata hanyar auna bayanai da dokoki, wadda Charles Forgy ya wallafa bayaninta a 1982, kuma nan saurin injin yake. To amma sakamakon da ya adana na kwana 10 ne, kuma ba wanda ya gaya masa an canja.

Bayan la'asar na lura insert yana dawo da wani abu, FactHandle, wanda ni na yi ta watsar da shi. Kamar shaidar ajiya ce. Na adana ta, na canja kwanakin, na miƙa ta ga update, umarnin sanar da injin cewa an canja abu, tare da abin. Nan take tunatarwar ta fito a allo. Na ji daɗi ƙwarai, har na sake gwadawa sau uku.

Na kuma gyara wani wuri. Na saka mai tura saƙon cikin ma'ajiyar kamar sauran bayanai, alhali ba wata doka da ke auna shi. Na mayar da shi setGlobal, hanyar ba dokoki kayan aikin da ba sa aunawa, inda ya dace. A ganina, abin da doka za ta yanke hukunci a kai kaɗai ya cancanci shiga ciki.

Saura batun aro guda da aka karanto sau biyu daga rumbun bayanai. Injin, yadda ya zo, yana ɗaukarsu abu biyu daban ko da bayanansu ɗaya ne, ma'ana mutum zai sami saƙo biyu. Gobe da safe zan rubuta equals da hashCode, hanyoyin da Java ke gane ko abu biyu ɗaya ne, in juya saitin injin zuwa na daidaito.